Cire giyar atomatik a saka ta hannu a tsofaffin motocin Amurka: gyara ne ko ɓarna?

Mutum na da Chevrolet Chevelle ƙirar 1969, inji lafiya lau, giyarta ta atomatik tana shiga ba gardama. Sai ya kai ta gareji, ya zuba dubban daloli a sauke giyar a ɗora masa ta hannu, wadda sai ya taka kuloci kafin ya canza. Me ya samu? Motar ta ƙara gudu ne? Kuɗinta ya tashi a kasuwa, ko kuwa da hannunsa ya karya mata daraja? Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka sun daɗe suna wannan gardama, kuma ba ta da alamar mutuwa. A sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar yanzu, masu giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari ba. A watan Disambar 2023 kuma aka rufe ƙera Dodge Challenger da Chevrolet Camaro, biyu daga cikin 'yan motocin da suka rage ana iya sayensu da kuloci. Wanda ke son ya ji babban inji a ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu, zaɓinsa ya ragu, shi ya sa da yawa ke waiwayar tsofaffin.

Waɗanne motoci ake magana a kai?

Su ne waɗanda Amurkawa ke kira muscle car: mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, an cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, ƙarfin yana zuwa ta tayoyin baya, farashinta kuma bai fi ƙarfin matashi mai aikin albashi ba. Galibi ana fara lissafin zamaninsu daga 1964, shekarar da Pontiac ta fito da GTO a ƙarƙashin injiniya John DeLorean da abokan aikinsa. Sun ɗauki inji mai lita 6.4 da aka yi domin manyan motoci suka saka a ƙaramar Tempest. Kasuwa ta karɓa, sauran kamfanoni suka bi sahu: Chevelle SS, Oldsmobile 442, Dodge Charger, Plymouth Road Runner, da 'yan uwansu masu ɗan ƙaramin jiki irin su Ford Mustang da Camaro da Barracuda.

Domin a gane girman abin, Corolla da ta cika titunanmu injinta lita 1.8 ne. Injin Hemi na Chrysler lita 7 ne, ƙarfin doki 425 a takarda. Na Chevelle SS 454 na 1970, samfurin LS6, lita 7.4 ne da ƙarfin doki 450. Zamanin bai yi tsawon rai ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshorar da aka ɗora wa matasa masu irin waɗannan motoci, da ƙarancin man fetur na 1973, su suka haɗu suka kashe kasuwar. Abin da aka ƙera a waɗannan shekaru goma shi ke nan, ba ƙari, kullum raguwa yake yi. A nan gardamar ta samo asali.

Giyoyin da suka zo da su daga masana'anta

Akwai wani zato da ya yaɗu cewa duk waɗannan motoci da giyar hannu aka yi su. Ba haka ba ne. Amurkawa sun rungumi atomatik tun da Oldsmobile ta fito da Hydra-Matic a ƙirar 1940, kuma ɗimbin masu sayen Chevelle da Charger da Mustang atomatik suka zaɓa. General Motors na da Powerglide mai giya biyu kacal, da Turbo-Hydramatic 350 da 400 masu uku. Ford na da C4 da C6. Chrysler na da TorqueFlite 727, wadda har gobe ake yabon ƙwarinta.

A ɓangaren na hannu, masu giya huɗu ne suka yi suna: Muncie ta General Motors, wadda ake ƙerawa a garin Muncie na jihar Indiyana, da Toploader ta Ford, da A833 ta Chrysler. Abu ɗaya ya haɗa su duka, na hannun da atomatik ɗin: a giyar ƙarshe, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul na baya. Babu giyar da ke sassauta wa inji a doguwar hanya. A riƙe wannan, domin shi ne dalili mafi ƙarfi na sauyin da ake yi a yau.

Me ke kai mutum ga sauyawa?

Dalili na farko daɗin tuƙi ne, kuma ba a gardama da shi, tunda ba a auna shi. A atomatik, tsakanin inji da giya akwai kwambata, wani dunƙulallen ƙarfe cike da mai, wanda ke miƙa ƙarfi ta hanyar juya man. Yana sa tafiya ta yi laushi, amma yana ɗan santsi, yana kuma mayar da wani kaso na ƙarfin inji zafi. Kuloci kuwa da zarar ya kama ya kama. Direba ya taɓa totur, mota ta amsa nan take. Ya ɗaga ƙafa, inji ya riƙe ta. Wanda ba kullum yake hawa motar ba, sai ranar hutu, wannan jin shi ne abin da ya saya.

Dalili na biyu shi ne wanda ake iya lissafawa. Yawancin masu sauyi a yau ba Muncie suke nema ba, giya biyar ko shida ta zamani suke sakawa, galibi ta kamfanin Tremec da ke Keretaro a Meziko: TKX mai biyar, wadda ta fito a 2020 ta gaji TKO, ko T-56 Magnum mai shida. A ɗauki motar da aksul ɗinta na baya 3.73 ne, wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, da taya mai tsayin inci 26. A gudun kilomita 113 a awa, wanda shi ne mil 70 da aka saba gani a manyan titunan Amurka, injin na juyawa kusan sau 3,370 a minti. Ƙara ta cika mota, zafi ya tashi, mai na tafiya. A ɗora TKX mai giya ta biyar 0.68, juyin ya sauko kusan 2,290 a wannan gudun. Motar da a da sai dai a zagaya unguwa da ita, yanzu ana iya tsallaka jiha da ita ana hira a ciki.

Dalili na uku kuɗi ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. Za mu zo kansa.

Aikin ba na akwatin giya kaɗai ba ne

Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba zai zaci kwance noti ne a sauke wannan a ɗora wancan. Akwatin giyar ma shi ne mai sauƙin. A bayan injin atomatik akwai siririn faifan ƙarfe da kwambata ke ɗaure a jiki. Dole a cire shi a saka fulawil mai kauri, mai nauyin sama da kilo goma, sannan farantin kuloci, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakin sa, da kaskon ƙarfen da ke rufe su duka ya haɗa inji da giya.

A cikin mota, faffaɗan birkin atomatik zai fita a saka siriri, a ƙara fedar kuloci a gefensa. Daga fedar zuwa kulocin hanya biyu ce. Ta asali sandunan ƙarfe ne da ke jingine a jikin inji da shasi. A wasu motocin sai an yi waldar mariƙi, kuma idan an riga an canza bututun salansa zuwa manya, sukan tare hanyar sandunan. Ta zamani ita ce mai aiki da man birki, ta fi taushi a ƙafa, ba ta cin wuri, amma idan ta fara yoyo daga cikin kasko sai an sake sauke giya gaba ɗaya.

Sai a huda ƙasan mota inda sandar giya za ta ɓullo. A nan ne masu kishin asali ke runtse ido, domin ƙarfen da aka yanka ba ya komawa yadda yake. Muncie ƙarama ce, rami kaɗan ya ishe ta. TKX an yi ta da siririn jiki ne musamman domin ta shiga tsofaffin motoci ba tare da yanka mai yawa ba. Magnum kuwa ƙatuwa ce, a yawancin motocin sai an tsaga tudun da ke tsakiyar ƙasan motar an faɗaɗa shi. Motocin Chrysler sun fi ba da wahala, saboda ƙarfen da ke riƙe da sandunan sifirin ɗinsu na gaba ya gitta ta daidai inda giyar ke son wuri.

Tsugune ba ta ƙare ba. Mariƙin da giya ke zaune a kai zai matsa ko a canza shi. Farfela takan buƙaci ragewa ko sabuwa, sai dai mai Turbo-Hydramatic 350 da ya koma Muncie yakan yi sa'a, tunda tsayinsu kusan ɗaya ne. A toshe bututun man giya da ke shiga lagireto, a cire wayar da ke haɗa kafireto da tsohuwar giya, a gyara na'urar maleji don kada ta riƙa ƙarya, a haɗa fitilar ribas. Akwai kuma makunnin da ke hana mota tashi idan tana cikin giya. Masu gaggawa sukan haɗe wayoyinsa kawai su wuce, sai ranar da wani ya murɗa makulli mota na giya ɗaya ta zabura ta daki bango. Wanda ya san aiki mayar da makunnin yake kan fedar kuloci. Idan kuma motar irin mai sandar giya a jikin sitiyari ce, ko dai a canza sandar sitiyarin ko a haƙura da guntun ƙarfen da ya rage yana tona asiri.

Kamfanoni irin su American Powertrain da Silver Sport Transmissions da Modern Driveline na sayar da kayan a haɗe, kowace mota da nata. Cikakken saiti da sabuwar giya biyar yakan kai dala 5,000 ko fiye, ban da ladan makanike.

Ramukan da ake faɗawa

Huɗu ne suka fi kama mutane, kuma dukkansu ba a ganinsu sai an gama ɗaurewa.

Na farko, ƙarshen karanshaf. Bakin sandar giyar hannu na shiga wani ɗan rami a bayan karanshaf, inda ake dasa bushin. Wasu injinan da aka ƙera domin atomatik, musamman na Chrysler da Oldsmobile, ba a kammala huda wannan ramin a masana'anta ba. Sai an nemi boris na musamman, ko a rage bakin sandar, ko a fitar da karanshaf a kai wa masu injin yanka.

Na biyu, daidaiton nauyi. Wasu injina a cikinsu aka daidaita nauyin, wasu kuma da taimakon fulawil. Chevrolet 350 na wancan zamani kowane fulawil marar ƙarin nauyi ya yi masa, amma 400 da 454 sai nasu. Ford 289 da tsohon 302 na son mai ƙarin oza 28, 302 na shekarun 1980 kuma mai oza 50. A ido duk kama ɗaya suke, notin ma yakan shiga. A ɗaura wanda ba shi ba, inji ya kama karkarwa har ya cinye boris ɗinsa.

Na uku, saitin kasko. Giyoyin zamani ba sa yafe karkata. Tsakiyar kasko da tsakiyar karanshaf kada su saɓa da fiye da inci 0.005, kusan milimita 0.13, kuma da agogon awo ake dubawa. Mai tsallake wannan mataki zai sha fama da giya mai tauri da gurnani, ya yi ta zagin kamfani alhali laifin na gareji ne.

Na huɗu, aksul na baya, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Motocin atomatik da yawa sun zo da aksul mai 2.73 ko 3.08, saboda kwambata na ninka ƙarfin inji kusan sau biyu a lokacin tashi. Kuloci ba ya ninka komai. A haɗa aksul 2.73 da Muncie M21, wadda giyarta ta ɗaya 2.20 ce, in aka ninka 2.73 sau 2.20 sai a samu 6 kacal, alhali masu aikin sun fi son ta kusanci 9 ko 10. Sakamakon shi ne motar da ke tashi da ƙyar tana ƙona kuloci a kowace danja. Ga kuma batun ƙwari. Sakin kuloci da ƙarfi duka ne kai tsaye a kan haƙoran aksul, babu man da zai tausasa. Chrysler da kanta ta san haka: Hemi mai atomatik takan fito da aksul na yau da kullum mai inci 8.75, amma mai giya huɗu sai da Dana 60, wanda asalinsa na manyan motocin ɗaukar kaya ne. Mai sauya giya ya bar aksul yadda yake, rabin aikin da masana'anta ta yi kawai ya yi.

Haka zaɓen giyar ma. Tsohuwar T-5 ta Mustang ɗin shekarun 1980 tana da araha, tana kuma yi wa ƙaramin inji, amma ƙarfin murɗawar da take ɗauka, wanda ake auna shi da Nm, bai wuce 400 da 'yan kai ba. Injin LS6 na fitar da kusan Nm 680. TKX an ƙayyade mata kusan 810.

To, gudun fa?

A nan zato da gaskiya suka raba hanya. Ma'aunin waɗannan motoci shi ne tseren kwatan mil, mita 402 a miƙe daga tsaye. Tun a shekarun 1960 direbobin Dodge da Plymouth da yawa suka gane cewa TorqueFlite na ba su lokaci mai kyau, kuma iri ɗaya a kowane zagaye, domin ba ta ɓata lokaci wajen canji, ba ta kuskuren giya, ba ta sa taya ta yi ta juyawa a banza wajen tashi. Ronnie Sox ya yi suna a tseren ne saboda saurin hannunsa a giya huɗu, kuma da abin na kowa ne da bai yi sunan ba. Direba na yau da kullum da ya koma giyar hannu, zai ji motar ta fi zafi da rai, amma agogo ba lallai ya goyi bayansa ba. Ƙarfin da ke isa taya yakan ɗan ƙaru, gaskiya ne, sai dai yakan zube a tsakanin canji da canji.

Daraja a wurin gwanjo

Masu goyon bayan sauyi na cewa: ku duba gwanjon Mecum, ko na Barrett-Jackson da ake yi kowace Janairu a Sikotsdel ta jihar Arizona, masu giya huɗu sun fi atomatik tsada. Haka ne. A 2014, a gwanjon Mecum na Siyatil, an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. Irinta ba su wuce goma sha biyu ba a duniya, masu giyar hannu a cikinsu kuma ƙalilan ne.

Amma abin da aka biya a wannan mota ba sandar giya ba ce, shaidar cewa haka ta fito daga masana'anta ce. Kasuwar tsofaffin motoci kasuwar takardu ce. A motocin Chrysler akwai ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambobin duk abin da aka saka wa motar, da takardar haɗi da akan tsinta a cikin kujera. Masu Ford daga ƙirar 1967 na sayen rahoton Marti, wanda ke fitowa daga kundin kamfanin. Masu Pontiac na da PHS, kamfanin da ke fitar musu da irin wannan takardar shaida. Ƙari a kan haka, an buga wani sashe na lambar mota a jikin inji da akwatin giya, kuma masu saye na zuwa da tocila su duba ko sun dace. Motar da aka haifa da atomatik, ko an saka mata Muncie ta shekararta, takarda za ta ci gaba da cewa atomatik ce. Wanda ya sayar da ita a matsayin ta asali, zamba ya yi.

Saboda haka amsar ta rabu biyu, kuma a ganina rabuwar a fili take. Mota mai wuyar samu, mai cikakkun takardu da lambobin da suka dace, irin Hemi ko LS6 ko GTO Judge, huda ƙasanta garin neman gira ne a rasa ido. Amma dubban Mustang da Chevelle Malibu da Camaro na gama-gari, waɗanda da yawansu an riga an canza musu inji tun shekaru aru-aru, ba su da wata asalin da za a ɓata. Su kam akwai masu saye da ke neman tsohon jiki da kayan ciki na zamani, kuma giya biyar da aka ɗaura da kyau na sa su saurin shiga. Ko a nan ma, ba kasafai mai mota ke mayar da duk abin da ya kashe ba. Masu hankali kan ajiye tsohuwar giyar da kwambata da feda da guntun ƙarfen da aka yanke a lungun gareji, su miƙa wa mai saye tare da mota.

Ta fuskar doka abin da sauƙi. Ko a Kalifoniya, inda aka fi tsanani, motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi. Kamfanin inshora ne ya kamata a sanar, tunda irin waɗannan motoci kan ƙimar da aka yi yarjejeniya ake yi musu inshora.

Hanya ta uku, da abin da ya shafe mu

Wanda matsalarsa ƙarar inji ce a babban titi, ba sai ya taɓa kuloci ba. Akwai atomatik masu giya huɗu na shekarun 1980 da ke sassauta juyi kusan daidai da TKX: 700R4 da 200-4R na General Motors, da AOD ta Ford. Suna shiga ba tare da ƙara feda ba, kuma mai ciwon gwiwa ko mai shan cunkoso zai gode. Sharaɗinsu shi ne a saita wayar da ke haɗa su da totur daidai, in ba haka ba su ƙone cikin ɗan lokaci.

A nan gida ma ana wannan sauyi, amma dalilin daban ne. Mu da muka taso da Peugeot 504 ta Kaduna, giyar hannu ba abin marmari ba ce, ita ce aka saba. Yawancin motocin da ake shigo da su daga Amurka atomatik ne, kuma idan giyar ta mutu, wani mai motar haya kan ga gara a mayar da ita manuwal, wadda kowane makanike ya iya, wadda kuma ake turawa ta tashi idan batir ya yi sanyi. Sai dai Chevelle ta 1969 kafireto gare ta, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Camry ko Accord ta shekarun 2000 kuwa kwamfutar injinta na jiran saƙo daga giya, idan ba ta ji ba sai ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage wa inji ƙarfi. Mai son yin haka sai ya sayi kwamfutar manuwal da wayarinta, da feda, da shaf-shaf na gaba, da mariƙan inji, kuma ya fi aminci a ciro su duka daga mota ɗaya mai irin wannan inji da shekara.